Yadda Ake Auna Hanyar Sigina da Gyara Ta a Rediyon Dijital

Duk wanda ya saba kama BBC ko DW a gajeren zango ya san wannan hali. Murya ta taso tangaram, can sai ta nitse, ta dawo a shaƙe, ta sake washewa, alhali ko taɓa akwatin ba ka yi ba. Tashar ba ta rage wutar injinta ba, batirinka ma lafiya lau yake. Hanyar da siginar ta biyo ce ke sauyawa daga sakan zuwa sakan. Kunnen mutum yana da haƙuri da wannan, domin in kalma ta ɓace hankali zai cike gurbinta. Na'urar dijital kuwa lambobi aka aiko mata, ko ta karanta su daidai ko sauti ya ɗauke ɗif. Shi ya sa kowace wayar salula, kowane akwatin Wi-Fi da kowane rediyon dijital na DRM ke ɗauke da wani sashe mai aiki biyu: ya auna abin da hanya ta yi wa sigina, sannan ya warware shi. Ɓangaren gyaran shi ne ikwalaiza.

Wannan jagora ce ga ɗalibi ko ma'aikacin sadarwa da ke son gina wannan sashe da hannunsa, a Python ko a GNU Radio. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka fara da zaɓen dabara mai suna. Fara da auna hanya. A ganina, abin da ya fi kashe na'urar karɓa ba ƙarancin lissafi ba ne, rashin sanin hanyar da aka gina ta dominta ne.

Lambobi biyu da za ka fara nema

Igiyar rediyo tana cin kilomita 300,000 a sakan, wato mita 300 a maikrosakan guda. Ba ta isowa ta hanya ɗaya. A cikin gari wata ta zo kai tsaye, wata ta bugi bene, wata kwanon rufi, wata tankin ruwa, wata kuma ta je ta bugi dutse irin na Zuma ko tsaunukan Filato ta dawo. A gajeren zango abin ya fi nisa, domin sararin samaniya ne ke maido da ita ƙasa: shimfiɗar E tana wajen kilomita 100 sama, shimfiɗar F kuwa daga 250 zuwa 400. Siginar da ta taso daga tashar BBC ta tsibirin Asenshon a tekun Atlantika tana iya isowa Kano da tsallen da ya bambanta, wani kwafi ya yi tsalle kaɗan, wani ya ƙara ɗaya a kai.

Lamba ta farko ita ce ratar jinkiri: tazarar lokaci tsakanin kwafin da ya fara isowa da na ƙarshe mai ƙarfin da za a damu da shi. A gari maikrosakan ɗaya ne zuwa biyar, a ƙasa mai tsaunuka ya kan kai 15 ko 20, a gajeren zango kuwa lissafin milisakan ake yi. Ita kaɗai wannan lamba ba ta ce komai ba sai ka gwada ta da tsawon alama guda da kake aikawa. A GSM bit ɗaya yana ɗaukar maikrosakan 3.69, daidai da tafiyar kilomita 1.1. Ke nan amsa-kuwwar da ta ƙara kilomita huɗu da rabi a hanyarta za ta faɗo ne a kan bit na huɗu bayan nata, ta gurɓata shi.

Akwai wata fuskar wannan lamba da ya kamata ka riƙe. Idan kwafi biyu masu kusan ƙarfi ɗaya suka iso da ratar milisakan ɗaya, za su kashe juna a duk bayan kilohaz ɗaya, su ƙarfafa juna a tsakani. Tashar da faɗinta kilohaz 10 ne za ta sami ramuka goma ke nan. Ramukan ba sa zama wuri ɗaya, yawo suke yi, kuma duk lokacin da ɗaya ya faɗa kan tsakiyar siginar AM, nan ne kake jin muryar mai labarai ta shaƙe.

Lamba ta biyu ita ce saurin sauyawar hanya, abin da ake aunawa da Dofla. A megahaz 900 tsawon igiya santimita 33 ne, don haka matsawar kimanin santimita 16 ta isa ta fitar da kai daga wuri mai ƙarfi zuwa rami. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana haifar da Dofla na haz 83, kuma hanyar ba ta zama yadda take fiye da kimanin milisakan biyar. A gajeren zango kai ba ka motsa ba, sararin samaniya ne ke motsi, kuma Dofla ba ta cika wuce haz ɗaya ko biyu ba. Sai dai mu a nan muna da namu ƙarin: layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, kuma a irin wannan yanki shimfiɗar F kan rikice bayan faɗuwar rana, sigina ta riƙa kakkarwa da sauri. Wanda ya gwada na'urarsa da hantsi kawai bai gwada ta ba.

Rubuta lambobin nan biyu a takarda. Ta farko ce za ta gaya maka tsawon ikwalaiza, ta biyu ta gaya maka sau nawa za ka sake awo.

Ƙaramin misali da alƙalami

Ɗauki hanya mai kwafi biyu: na farko da ƙarfi 1, na biyu da ƙarfi 0.5, ya makara da alama guda. Duk abin da ya iso shi ne alamar yanzu, a ƙara rabin ta baya. Aika +1, +1, -1, +1, -1, -1. Abin da za ka karɓa shi ne 1, 1.5, -0.5, 0.5, -0.5, -1.5. Dubi na uku da na huɗu da na biyar: tazararsu da sifili ta ragu zuwa rabi, ƙaramar hayaniya ta isa ta tsallakar da su ɗaya ɓangaren.

Gyaran da zai fara zuwa maka a rai shi ne juya hanyar baya: ka ɗauki abin da ya iso yanzu, ka cire rabin na baya, ka ƙara rubu'in na bayansa, ka cire ɗaya bisa takwas, haka dai. Gaɓoɓin matatarka ke nan: 1, -0.5, 0.25, -0.125. Yana aiki, kuma kuɗin da ka biya kaɗan ne, domin hayaniya ta ƙaru da kashi ɗaya bisa uku kawai, desibel 1.2. Yanzu mayar da amsa-kuwwar 0.9. Gaɓoɓin sun koma 1, -0.9, 0.81, -0.73, suna raguwa a hankali, matatar ta yi tsawo, hayaniya kuma ta ninku fiye da sau biyar, wajen desibel bakwai. In kuwa kwafin da ya makara ya fi na farko ƙarfi, abin da ke faruwa sau da yawa idan gini ya tare hanyar kai tsaye, jerin ba ya raguwa sam, haɓaka yake yi. Maganinsa shi ne ka yarda da ɗan jinkiri a wajen yanke hukunci, ka sa babbar gaɓa a tsakiyar matata maimakon farkonta. Yi wannan lissafi da hannu sau ɗaya kafin ka taɓa kwamfuta, domin duk abin da zai biyo baya yana cikinsa.

Daidaita zango da lokaci tukuna

Ikwalaiza ba ta gyara agogon da ya karkace. Kiristal mai araha da ya kauce da kashi 20 cikin miliyan ya jefa ka kilohaz 18 nesa da tasha a megahaz 900, alhali ƙa'idar GSM ta nemi waya ta tsaya cikin kashi 0.1 cikin miliyan, haz 90 kacal. Don haka ne hasumiyar GSM ke sakin wani sauti tsantsa lokaci-lokaci, kilohaz 67.7 sama da tsakiyar zango, waya ta saita kanta da shi. Masu amfani da ɗan RTL-SDR ma da wannan sauti suke gano kuskuren kiristal ɗinsu. Idan ka zana alamominka a allo ka ga suna zagaye sun zama zobe, koma ka gyara zango. Ragowar kaucewar da ka bari za ta bayyana wa sashen awo tamkar hanya ce ke sauyawa da gudu, ya ɓata ƙarfinsa yana bin abin da ba ya nan.

Awo da sanannen jeri

Idan mai shela ya ɗauki lasifika a filin taro ya ce salamu alaikum, kowa ya san abin da ya faɗa ko da bangon makaranta ya maido da muryar ta haɗu da kanta. Tunda ka san kalmomin, kana iya gane yawan jinkirin amsa-kuwwar da ƙarfinta, sannan ka yi amfani da wannan sani wajen fahimtar sanarwar da za ta biyo baya. Haka mai aikawa yake yi: yana cusa wani jeri da mai karɓa ya riga ya haddace.

GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, shi ne misalin da ya fi dacewa a koya da shi, saboda komai nasa ƙarami ne ana iya riƙe shi a ka. Kowane ƙunshi yana da bit 148 a cikin gurbin maikrosakan 577: bit 3 na buɗewa, 57 na saƙo, tuta 1, sanannen jeri mai bit 26, tuta 1, wani 57 na saƙo, sai 3 na rufewa. Lura da inda aka sa jerin. A tsakiya yake, ba a farko ba, domin kada wani bit ya yi nisa da wurin awo fiye da rabin ƙunshi, wajen maikrosakan 270. Gwada wannan da milisakan biyar ɗin da muka samu ga mota mai gudun 100, ka ga hanya ba ta sami damar sauyawa sosai ba. Awo ɗaya ya wadatar wa ƙunshi ɗaya, na gaba kuma a sake sabo.

Su ma bit 26 ɗin da dabara aka jera su. Goma sha shida na tsakiya su ne ainihin jerin, an zaɓe su ne domin idan ka ɗora su a kan kansu daidai-wa-daida ka sami 16, idan ka gusa su da taki ɗaya zuwa biyar ka sami sifili. Biyar na gaba da biyar na baya maimaici ne na wutsiya da kan jerin, don wannan hali ya tsaya ko da amsa-kuwwa ta shigo. Irin waɗannan jeri takwas ne, ana raba su tsakanin hasumiyoyin da ke amfani da zango ɗaya don waya ta bambance tata da ta maƙwabta.

Ga yadda za ka yi awon. Ɗora bit 16 ɗin a kan abin da ya iso, ka ninka ɗaya bayan ɗaya, ka tara, ka raba da 16, ka rubuta. Gusa da taki ɗaya ka maimaita. Lambobin da za su fito su ne hoton hanyar, kowace da girmanta da kusurwarta. Daga nan sai ka nemi tagar gaɓoɓi biyar a jere da suka fi tara ƙarfi, ka riƙe su, ka watsar da sauran. Wannan zaɓen taga shi ne kuma daidaita lokacinka, don haka kada ka ɗauki gaɓa mafi tsawo ka ce nan ne farko. Gaɓoɓi biyar sun rufe kimanin maikrosakan 15, abin da aka tsara GSM ya jure ke nan.

Kada kwaɗayi ya sa ka ƙara gaɓoɓi don ko-ta-kwana. Kowace gaɓa da ka auna tana shigo da tata hayaniya. Ƙa'idar da za ka riƙe: asararka ita ce ɗaya a ƙara yawan gaɓoɓi bisa tsawon jeri. Biyar bisa 16 sun ci maka kimanin desibel 1.2. Idan hanyar gaɓa biyu ce kawai, sauran ukun hayaniya zalla ka auna, gara ka mayar da duk wadda ba ta ɗara hayaniya sosai ba sifili.

Abu ɗaya a gefe: in za ka gwada da sigina ta gaske, tsaya a kan tashar shela da hasumiya ke watsa wa kowa. Sauraren kiran mutane laifi ne, kuma awon hanya ba ya bukatarsa.

Wace ikwalaiza?

Juya hanya baya ɗungurungum, irin wanda muka yi da alƙalami, shi ne tsarin da Robert Lucky na Bell Labs ya fara gina ikwalaiza mai sarrafa kanta da shi a 1965 don layukan tarho. A waya mai igiya ya yi kyau, tunda ramukanta ba su da zurfi. A rediyo kuwa yana cika rami da hayaniya. Gyaransa shi ne ka sa ƙarfin hayaniya a cikin lissafi, ka nemi mafi ƙarancin kuskure gaba ɗaya maimakon share amsa-kuwwa tas. Misali, inda hanya ta rage sigina zuwa 0.1 kuma ƙarfin hayaniya 0.01 ne, tsarin farko zai ninka da 10, na biyu ya tsaya a 5. Ƙarin layi ɗaya ne a manhajarka, ban ga dalilin barinsa ba.

Idan kana son gaɓoɓin su riƙa gyara kansu, dabarar LMS ta Bernard Widrow da Ted Hoff, ta 1960 a Jami'ar Stanford, ita ce mafari: bayan kowace alama ka auna kuskure, ka ninka shi da abin da ya shigo da wani ɗan taki, ka ƙara wa gaɓoɓin. Takin nan shi ne duk rigimar. In ya yi girma gaɓoɓi su yi ta rawa ko su fashe, in ya yi ƙanƙanta hanya ta gudu ta bar su. Raba shi da ƙarfin siginar da ke cikin matata, domin ƙarfin nan hawa da sauka yake yi. Inda LMS ta kasa bin hanya, RLS tana kamawa da sauri, amma aikinta yana ƙaruwa da yawan gaɓoɓi sau kansu.

Mataki na gaba shi ne ikwalaiza mai waiwaye. Tunda ka riga ka yanke hukunci a kan alamar baya, ka san amsa-kuwwar da ta bari, sai ka cire ta kai tsaye ba tare da ka kumbura hayaniya ba. A misalinmu na 0.9, desibel bakwai ɗin nan sun dawo aljihunka. Aibinta shi ne kuskure ɗaya yana haifar da wani, su yi jerin gwano. Shi ya sa modem ɗin gajeren zango na ƙa'idar STANAG 4285, mai alama 2,400 a sakan, ba ya barin ta ta daɗe ita kaɗai: a cikin kowane ƙunshi mai alama 256, 80 na farko sanannu ne, sannan bayan kowane 32 na saƙo a cusa sanannu 16 har sau uku. Rabin lokacin iska ya tafi ga awo, kuma masu tsarin sun ga ya cancanta.

GSM ya bi wata hanya dabam. Maimakon warware amsa-kuwwa, sai a tambaya: cikin duk jerin da za a iya aikowa, wanne ne idan ya bi ta wannan hanya da muka auna zai fi kama da abin da ya iso? Dabarar Andrew Viterbi ta 1967 ce ke amsa wannan ba tare da an gwada duka ba, kuma David Forney ne ya nuna a 1972 cewa ta dace da matsalar amsa-kuwwa. Da gaɓoɓi biyar, bit huɗu na baya kake tunawa, yanayi 16 ke nan, abin da ko wayar farkon shekarun 1990 ta iya ɗauka. Wannan ita ce mafi inganci, kuma a nan amsa-kuwwa ta zama riba, domin da wuya kwafi biyu su nitse lokaci ɗaya. Amma kuɗinta yana tashi da sauri. EDGE, mai alama iri takwas, zai bukaci yanayi 4,096 a kan hanya ɗaya, dole aka rage su da dabaru. A faɗin megahaz 20 na LTE kuwa, jinkirin maikrosakan biyar ya haura samfuri 150, babu ma maganar Viterbi.

Raba faɗi zuwa siraran layuka

Mafitar ita ce OFDM: a raba faɗin zango zuwa ɗaruruwan siraran layuka, kowanne yana tafiya a hankali, alamarsa ta fi ratar jinkiri tsawo nesa ba kusa ba. A gaban kowace alama a manna kwafin wutsiyarta a matsayin ratar kariya, amsa-kuwwa ta ƙare a ciki. Muddin jinkiri bai wuce wannan rata ba, abin da hanya ta yi wa kowane layi lamba ɗaya ce tak, girma da kusurwa, ikwalaiza kuma ta koma rabawa guda. Wahalar duka ta tattara ta koma wajen awo.

DRM, tsarin rediyon dijital na gajere da matsakaicin zango, shi ne misalin da zan tsaya a kai. An kafa ƙungiyarsa a Guwanzu ta ƙasar Sin a 1998, aka ƙaddamar da watsa shirye-shirye a Janiba a 2003. Indiya ce ta fi kowa rungumarsa a matsakaicin zango, kuma tashar Muryar Najeriya da aka buɗe a Lugbe ta Abuja a 2012 an gina ta da injinan da ke iya watsa shi. A ƙasa da megahaz 30 yana da salo huɗu, kuma teburinsu lambobinmu biyu ne aka mayar ƙa'ida. Salon A yana da ratar kariya milisakan 2.66 da tazarar layuka haz 41.7, don matsakaicin zango mai natsuwa. Salon B, wanda aka fi amfani da shi a gajeren zango, yana da milisakan 5.33 da haz 46.9. C ya buɗa layuka zuwa haz 68.2 don jure Dofla. D ya kai ratar kariya 7.33 da tazara haz 107, kusan rabin lokacinsa kariya ce, saboda hanya mafi muni.

Dubi yadda aka shuka sanannun alamomi, wato failot, a salon B. A faɗin kilohaz 10 akwai layuka 206. A kowace alama, layi ɗaya cikin shida failot ne. A alama ta gaba sai su gusa da layi biyu, a ta uku su ƙara biyu, a ta huɗu su dawo inda suka fara. Ke nan kowane layi na biyu yana samun awo sau ɗaya a cikin alama uku, wato duk milisakan 80. An kuma ƙara musu ƙarfi ninki biyu a kan alamomin saƙo don awon ya fi tsabta.

Yi lissafin iyakarsu da kanka, domin irinsa za ka yi wa duk tsarin da ka ƙirƙira. Awo duk milisakan 80 shi ne sau 12.5 a sakan, kuma ba za ka iya bin abin da ke kaɗawa fiye da rabin wannan ba, wajen haz shida kowane gefe. A ɗaya ɓangaren, failot duk layi biyu tazarar haz 94 ce, tana iya bambance jinkiri har milisakan 10.7, ninki biyu na ratar kariya. Wannan ninki biyu ba ɓarna ba ce. A takarda iyaka ta isa, a aikace kuwa matata gajera ce kuma akwai hayaniya, don haka ba wa kanka ninki biyu a kowane ɓangare.

Aikin kansa hawa uku ne. A kowane failot, raba abin da ya iso da abin da ka san an aiko, ka sami awon wannan gurbi. Sannan ka cike gibi ta fuskar lokaci, layi-layi, wanda ke nufin sai ka jira alamomi kaɗan na gaba kafin ka fassara ta yanzu. Daga ƙarshe ka cike ta fuskar zango. Jan miƙaƙƙen layi tsakanin failot biyu ya isa a fara da shi, kuma da 4-QAM ko 16-QAM a hanya mai sauƙi zai kai ka. Da 64-QAM kuwa ɗigogin sun matsu, ƙaramin kuskuren kusurwa ya isa ya jefa ɗaya gidan maƙwabcinsa. A nan ake bukatar matatar Wiener, wadda ke auna failot da yawa gwargwadon ratar jinkiri da Dofla da hayaniyar da ka gaya mata. Manhajar Dream, da aka fara rubutawa a Jami'ar Fasaha ta Darmstadt a Jamus, tana da zaɓin duka biyun kuma a buɗe take ga mai son karantawa. Kunna ta a kan siginar da aka naɗa, ka sauya daga wannan zuwa wancan, ka ga bambancin da idonka. Ka kula da layukan bakin gefe, waɗanda ba su da maƙwabci a ɓangare ɗaya, nan kuskure ya fi taruwa.

Ga abin da masu farawa suka fi mantawa. Bayan ka raba, layin da ya faɗa rami zai fito da lamba mai kama da ta kowa, alhali kusan duk hayaniya ce. Kada ka miƙa ta ga sashen gyaran kurakurai haka nan. Haɗa kowace lamba da nauyinta, wato girman awon layin sau kansa, don sashen ya san wadda zai amince da ita da wadda zai yi wa kallon shakka. A OFDM mai lambar gyaran kuskure, wannan nauyi ya fi zaɓen irin ikwalaiza tasiri nesa. Shi ne ma dalilin barbaza bit a kan layuka da lokaci, har tsawon sakan biyu a DRM, domin waɗanda suka tsira su ceto waɗanda rami ya cinye.

Gwaji

Bi da bi za ka hau. Fara da hayaniya kawai babu amsa-kuwwa: BPSK ya kamata ya ba ka kuskure ɗaya cikin dubu idan sigina ta ɗara hayaniya da desibel 6.8. In ba ka sami wannan ba, matsalar tana cikin ma'aunin hayaniyarka, kada ka wuce. Sai hanya mai kwafi biyu da ba ta motsi, irin ta alƙalaminmu. Sai hanya guda mai nitsewa irin ta Rayleigh, inda sigina ke faɗuwa desibel 10 ƙasa da matsakaicinta kashi 10 cikin 100 na lokaci, desibel 20 kuma kashi ɗaya. A nan kuskure ɗaya cikin dubu sai a desibel 24, kuma babu ikwalaizar da za ta rage wannan, domin idan faɗin duka ya nitse tare babu abin gyarawa. Maganinsa eriya biyu, ko barbaza bit, ko tsallen zango irin na GSM sau 217 a sakan.

Daga nan ka shiga hanyoyin gwaji da kowa ya yarda da su, don sakamakonka ya gwadu da na wasu. GSM yana da TU50 na cikin gari, RA250 na karkara da HT100 na tsaunuka, lambar kuwa gudun mota ce. Gajeren zango yana da samfurin Watterson na 1970, da matakai uku na hukumar ITU: mai kyau, rabin milisakan da haz 0.1, matsakaici, milisakan ɗaya da haz 0.5, mai muni, milisakan biyu da haz ɗaya. Ka bar gwajin ya daɗe. A haz 0.1 nitsewa ɗaya tana cin sakanni, gwajin minti guda bai ga komai ba.

A kowane mataki zana layi biyu: ɗaya da awonka, ɗaya kuma da ainihin hanyar da kwamfuta ta sani ka ba ikwalaiza a asirce. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kuɗin awonka. Desibel ɗaya zuwa biyu ba laifi. In ta wuce haka, gyara awo, ka ƙyale ikwalaiza.

Idan kuma layin kuskure ya sauko ya sauko sannan ya kwanta, kana ƙara ƙarfi ba ya motsi, to ba hayaniya ce ke damunka ba. Tsayar da Dofla a sifili ka sake gwadawa. In kwanciyar ta ɓace, awonka ne ke makara, sai ka matso da failot kusa ko ka ƙara taki. In tana nan, rage jinkirin kwafi na ƙarshe: ɓacewarta a nan na nufin gaɓoɓinka sun gaza ko amsa-kuwwa ta tsallake ratar kariya. A OFDM sau da yawa ratar ta isa, tagar da ake yanko kowace alama da ita ce aka ɗora a kan kwafi mafi ƙarfi alhali wani rarrauna ya riga shi isowa. Ja tagar baya kaɗan zuwa cikin ratar kariya, ka sake gudanar da gwajin.